Koren Fasfo da Jakar Goyo a Ƙasashen Balkan: Kundin Tafiya

Litinin, 14 ga Afrilu, 2025. Sofiya, Bulgeriya

Kayan tafiyar duka: jakar goyo guda, koren fasfo, katin izinin zama na Jamus, kwalbar yaji, da Yuro 1,600 da na tara ina aikin ɗaukar kaya a sito lokacin da nake kammala digiri na biyu. Kuɗin jirgin komawa na ware shi daban, ba ya cikin wannan lissafi. Na yanka wa kaina Yuro 25 a rana, kwana da ci da mota duk a ciki.

Hanyar da zan bi ba sha'awata ce ta zana ta ba, takarda ce. Ɗan Najeriya na buƙatar biza a kowace ƙasa ta wannan yanki, amma yawancinsu suna ɗaga wa mai katin zama na ƙasashen Shengen (ƙasashen Turai da ba a duba fasfo a tsakaninsu, har da Jamus) ƙafa, kowace da wa'adinta. Masadoniya ta Arewa kwana 15 a shiga ɗaya, Kosobo ma 15, Montenegiro da Bosniya 30, Albaniya da Sabiya 90. Bulgeriya kuwa tun 1 ga Janairun bana ta gama shiga Shengen, shi ya sa na faro daga nan, babu wanda ya buga mini hatimi. Na buga shafin dokar kowace ƙasa daga ma'aikatar harkokin wajenta na ƙunshe a leda. Mai niyyar bin sahuna ya duba da kansa kafin ya ɗaura jaka, don waɗannan dokoki ba sa zama wuri ɗaya.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa daga filin jirgi zuwa tsakiyar gari Lefa 1.60. Gado a ɗakin mutum takwas Lefa 24, wajen Yuro 12 ke nan. Rabin kuɗin rana ya tafi tun ban ci komai ba.

Laraba, 16 ga Afrilu. Sofiya

Masallacin Banya Bashi, ginin Daular Usmaniyya na ƙarni na 16, shi kaɗai ake salla a cikinsa a tsakiyar birnin. Daga ƙofarsa kana hango majami'ar Yahudawa, cocin Orthodox kuma na gaba kaɗan. A bayansa akwai famfunan ruwan ɗumi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, tsofaffi na layi da jarkoki, kyauta. Tun da na gano wurin ban sake sayen ruwa ba.

Na sayi shinkafa, taliya, albasa, ƙwai da man girki na Lefa 19, zan riƙa dafawa a kicin ɗin masauki. Naman gashin kan titi a nan galibi da alade a ciki, don haka ni da shi sai kallo. Da safe banitsa, wato gurasa mai ɓawo-ɓawo da cuku, da kofin nono.

Juma'a, 18 ga Afrilu. Plovdiv

Jirgin ƙasa, kusan awa uku, bai kai Lefa 10 ba. Na yi Juma'a a masallacin Dzhumaya, huɗuba da Turkanci da Bulgariyanci. A gefen masallacin, ƙasa da dandalin, kujerun dutse ne na filin wasan Rumawa, an tone an bar su a fili. Ista ta kama wannan makon, gadaje sun ƙara kuɗi, shaguna da dama za su rufe har Litinin. Zan lafe a nan in ci abin da na dafa.

Talata, 22 ga Afrilu. Skopje, Masadoniya ta Arewa

Iyaka ta farko, kuma ta nuna mini yadda sauran za su kasance.

Jami'i ya hau bas ya tattara fasfo na kowa ya sauka. Can ya dawo ya raba, nawa babu. Aka yafito ni. A ɗan ofishin mutum biyu suna juya katin zamana gaba da baya, ɗaya na cewa sassaucin na masu izinin zama na dindindin ne kawai, ɗayan bai tabbata ba. Na fito da ledata na miƙa musu shafin da aka rubuta da harshensu. Suka karanta, suka buga waya, aka jira, aka sake bugawa. Suka tambayi inda zan kwana, na nuna. Kuɗin guzuri, na nuna. Yaushe zan fita, ta wace ƙofa? Na ce 5 ga Mayu, ta wajen tafkin Ohrid. Sannan hatimi ya sauka.

Babu wanda ya ɗaga mini murya, aikinsu suke yi, kuma da alama ba kullum suke ganin irin fasfona ba. Abin da ya fi nauyi shi ne komowa cikin bas, mutum talatin da wani abu sun zauna minti arba'in saboda kai, direba na duban agogo yana tsaki. Wata tsohuwa da ke kujerar gefena ta miƙo mini tuffa ba ta ce komai ba. Daga yau zan riƙa zama a kujerar gaba, in kuma gaya wa direba tun a tasha cewa takarduna kan ɗauki lokaci, don kada wata rana a tafi da jakata a bar ni.

Agogo ya koma baya da awa ɗaya. Bulgeriya ta ci Yuro 205, har da kuɗin wannan bas. Na ɗan haura ƙa'ida, amma ba da yawa ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu. Skopje

Layin wayata na Jamus ya daina amfani da arha tun daga iyaka, don nan ba Tarayyar Turai ba ce. Na sayi layin gida. Tun Yulin 2021 ƙasashe shida na yammacin Balkan suka soke ƙarin kuɗin waya a tsakaninsu, ina fatan wannan layi ɗaya ya kai ni har Bosniya.

Gari biyu ne a gari ɗaya, kogin Vardar ya raba su, tsohuwar gadar dutse ta haɗa. Ɗaya ɓangaren gumaka ne ko'ina, manya-manya, na wani shirin gwamnati da aka kira Skopje 2014, har da ƙaton mahayin doki da kowa ya san Iskandar Mai Girma ake nufi, amma ba a rubuta sunansa ba saboda rigimarsu da Girka. Rigimar ce ta sa ƙasar ta ƙara "ta Arewa" a sunanta a 2019. Ni dai gumakan ba su burge ni ba, sun yi yawa, kuma sabunta ta yi musu yawa. Abin da ya tsaya mini a rai agogon tsohuwar tashar jirgin ƙasa ne, da aka bari a kan ƙarfe 5:17, lokacin da girgizar ƙasar 26 ga Yuli, 1963 ta rushe mafi yawan birnin.

Ɗaya ɓangaren tsohuwar kasuwa ce, ta Albaniyawa da Turkawa, da masallacin Mustafa Pasha na 1492 a kan tudu. A nan ne na fara cin nama hankali kwance. Akwai wake da suke gasawa a kaskon ƙasa, tavče gravče, da burodi Denar 150, ya riƙe ni har dare.

Asabar, 26 ga Afrilu

Tetovo, na je na dawo. Masallaci mai zane ciki da waje, furanni da hotunan birane a bango. Ruwan sama yini guda, takalmi ya jiƙe.

Alhamis, 1 ga Mayu. Ohrid

Nan ne lissafina ya fara numfashi. Wani dattijo ya tare ni a tasha da hoton ɗaki a hannu, yana neman Yuro 15 a dare. Na ce mako guda zan yi, kuma yanzu ba lokacin baƙi ba ne. Muka daidaita a 10, ɗaki ni kaɗai, da ɗan risho da taga mai kallon tafki. Gadon haɗaka a Sofiya ya fi wannan tsada.

Na zauna na duba littafin kashe-kashena. Ranar da ban motsa ba ina kashe Yuro 15 zuwa 17. Ranar da na motsa 35 zuwa 40, domin ba tikiti kaɗai ba ne: akwai kuɗin jaka da direba ke karɓa a bakin but, akwai abincin tasha mai tsada, akwai ragowar mai da shinkafa da kake bari a baya ka sake saye a gaba, akwai canjin da ke narkewa wajen musanya. Wato arha tana wajen zama. Matsalar ita ce wa'adin kwana 15 bai san da wannan ba. Baturen da ke ɗakin ƙasa, ɗan Holan, wata uku zai iya yi a nan, kuma dattijon ya sauke masa farashi ƙasa da nawa saboda ya ɗauki wata guda. Kuɗinmu ɗaya, tafiyarmu ɗaya, amma tawa ta fi tsada tun kafin a fara.

Tafkin kansa ya cancanci zama. Zurfinsa ya kai mita 288, ruwan garau, kana ganin duwatsun ƙasa daga kan gadar katako. Da safe ina hawa ganuwar Sarki Samuil, da yamma in zauna a sama da ƙaramin cocin nan na Kaneo da ke kan dutse. Akwai masallatai a unguwar kasuwa, ba nisa. Matar dattijon ta ga ina barbaɗa yaji a taliya ta nemi ɗanɗanawa, ta sha ruwa kofi biyu, washegari kuma ta dawo da ƙaramin kofi a ɗiba mata.

Litinin, 5 ga Mayu. Pogradec, Albaniya

Bas zuwa Sveti Naum, daga nan a ƙafa na tsallaka iyaka. Na zaɓi haka da gangan, don in an riƙe ni ba wanda zan ɓata wa lokaci. Sai ga shi ko minti goma ba a yi ba. Na taka har ƙauyen Tushemisht, wani mai tsohuwar Marsandi ya rage mini hanya, ya ƙi karɓar ko sisi.

Masadoniya ta Arewa: Yuro 290. Saura 1,105.

Laraba, 7 ga Mayu. Tirana

Motar haya a nan ƙaramar bas ce da suke kira furgon, kuma tsarinta tsarin tashar Unguwa Uku ne sak: an rubuta sunan gari a kwali an jingina a gilashi, ba ta tashi sai ta cika, ana sauke mutum inda ya ce, kuɗi a hannun direba. 'Yan Turai biyu da muka shiga tare sai tambayar jadawali suke. Ni na sami kujerar taga na yi barcina.

Hattara da farashi. Tun 1965 aka cire sifili ɗaya daga kuɗinsu, Lek, amma har yau mutane da dama da tsohon lissafi suke magana. Mai burodi zai ce ɗari biyar alhali hamsin yake nufi. Ina miƙa waya in ce a rubuta mini, sannan in nuna takardar kuɗin in ga ko ita ce. Lek 100 kusan Yuro ɗaya ne. Na'urorin cirar kuɗi suna yankar Yuro biyar zuwa bakwai a kowane cira, kati kuma ba ko'ina ake karɓa ba, don haka na cire na mako biyu a tashi ɗaya na raba gida uku a jikina.

Na yi la'asar a masallacin Et'hem Bey da ke bakin dandalin Skanderbeg. Ƙarami ne, amma tarihinsa ba ƙarami ba ne. A 1967 gwamnatin Enver Hoxha ta rufe duk masallatai da coci-coci na ƙasar, wasu aka rushe, wasu aka mai da su sito ko zauren wasanni, tsarin mulkin 1976 kuma ya haramta addini baki ɗaya. Wannan ya tsira ne don an ɗauke shi kayan tarihi. A Janairun 1991 dubban mutane suka shiga suka yi salla ba tare da izini ba, 'yan sanda suka tsaya suna kallo. Yanzu ga sabon babban masallacin Namazgah da Turkiyya ta gina, an buɗe shi a Oktoban bara. Sai dai wanda ya zo da tunanin ƙasar Musulmi irin wadda ya sani zai sha mamaki. Sunaye na Musulmi ne, amma giya a kan tebur, alade a mahauta, kuma dole ka yi tambaya kafin ka ci. Shekara ashirin da uku babu liman babu makaranta ba wasa ba ce.

Asabar, 10 ga Mayu. Berat

Kwanaki uku mafi muni zuwa yanzu.

Gasar tseren keke ta Italiya, Giro, bana daga Albaniya ta faro, ranar Juma'a daga Durrës zuwa Tirana, yau kuma a cikin Tirana. Gobe Lahadi zaɓen 'yan majalisa. Gadaje suka ƙare, masaukina ya ce gadona an riga an sayar wa wani daga daren Alhamis. Na yi ta yawo har na sami wani ɗaki a bayan gari, Lek 900, babu taga. Araha ba ta ado. Wajen ƙarfe biyu na dare na farka ina susa, na haska fitilar waya a ɗinkin katifa, kuɗin cizo ne jere. Na kwashe kayana na ƙarasa daren a kan kujera a tsakar gida. Da safe mai gidan ya ɗaga kafaɗa, kuɗi kuma bai dawo ba.

Cizon ba shi ne damuwar ba, jakar ce. In suka shige ta, duk inda ka je ka kai musu, kuma masu masauki na da gaskiya in suka kore ka. Na nemi shagon wanki mai na'ura, na wanke komai da ruwa mai zafin digiri 60, na busar a na'urar busarwa sau biyu. Rigar sanyina ta ulu ta tsuke ta koma ta yaro, na bar ta can. Jakar kanta ba ta shiga na'ura, na zazzage ta, na bi kowane ɗinki da buroshi, na ƙulle ta a baƙar ledar shara. Wanki Lek 1,400, man shafawa a kantin magani 600, sabuwar riga a gwanjo 500.

Sannan fita daga gari. An toshe tituna saboda masu keke, motar cikin gari ba ta zuwa tashar kudu, na taka fiye da awa ɗaya rungume da baƙar leda a kafaɗa, mutane na kallona. Na iso Berat bayan magariba. Na gaya wa mai masaukin gaskiya tun a bakin ƙofa. Ya karɓi ledar ya ɗora a kan rufin kwano, ya ce ta kwana biyu a rana tukuna, ya ba ni kwando in zuba tufafina.

Alhamis, 15 ga Mayu. Berat

Ba abin da na yi sai hutawa, kuma kuɗi ya gode. Gado da karin kumallo Lek 1,000. Fararen gidaje masu tagogi da yawa sun hau dutse a gefen kogin Osum biyu, Mangalem da Gorica, a can sama kuma ganuwa wadda har yau mutane ke zaune a cikinta. A kan hanya ana ta ganin ƙananan rumfunan kankare masu kan tukunya, maɓoyar yaƙi da Hoxha ya cika ƙasar da su, sama da 170,000, don harin da bai taɓa zuwa ba.

Mai masaukin ya yi mini tayi: in riƙa gyara gadaje da tarbar baƙi awa huɗu a rana, in kwana in ci kyauta. Yawancin masu doguwar tafiya da na haɗu da su da haka suke miƙe kuɗinsu. Na yi godiya na ƙi. Shigar da aka ba ni ta yawon buɗe ido ce, kuma abin da za a kau da kai in ɗan Ostareliya ya yi, ba lallai a kau da kai a kaina ba. Tabo ɗaya a fasfo zai bi ni har wajen sabunta katin Jamus.

Umma ta kira. "Wai har yanzu kana ƙasar da ake yaƙin?" Na ce, "Umma, an fi shekara ashirin da gamawa, lafiya lau ake." Ta ce to, in dai riƙa azkar, in kuma daina kwana inda ban sani ba. Ban ba ta labarin Tirana ba.

Litinin, 19 ga Mayu. Prizren, Kosobo

Albaniya: Yuro 330, kusan 35 a ciki na kuɗin cizo ne. Saura 775.

Babbar hanya ce sabuwa ta Kukës, awa uku daga Tirana. A iyaka an sauke ni, amma an gama da wuri. Kuɗinsu Yuro, ko da yake ba sa cikin Tarayyar Turai. Gari ne mai daɗin zama, ƙaramin kogi a tsakiya, masallacin Sinan Pasha na 1615 a kan dandali, in lokacin salla ya yi kiran na tashi daga kowane ɓangare. Shayi a ƙaramin kofin gilashi santi 50. Samari na tsayar da ni a ɗauki hoto, tambaya ɗaya ce: daga Amurka? In na ce Najeriya sai a koma zancen ƙwallo.

Akwai tarko a taswira. Daga nan Belgired ba nisa, amma Sabiya ba ta amince da 'yancin da Kosobo ta ayyana ranar 17 ga Fabrairu, 2008 ba. A wajenta wanda ya shigo Kosobo daga Albaniya ya shiga ƙasarta ne ta ƙofar da ba ta sani ba, don haka ba za a bar shi ya wuce kai tsaye ba. Dole in fita in zagaya ta wata ƙasa, na zaɓi Montenegiro. Zagayen zai ci aƙalla Yuro 60 fiye da miƙaƙƙiyar hanya, kuma Montenegiro ce mafi tsada a jerin. Tunda dole ne, zan bi ta bakin teku in hau jirgin ƙasa daga garin Bar.

Alhamis, 22 ga Mayu. Shkodër, Albaniya

Kwana ɗaya, wanki, gyaran zip. Saura 640.

Asabar, 24 ga Mayu. Ulcinj, Montenegiro

Doka a nan sai an yi wa baƙo rajista cikin awa 24, a kuma biya harajin baƙi na kowane dare. Mai ɗakina ba ta yi, ta ce in je da kaina. Na je ofishin yawon buɗe ido da fasfo, na biya, na adana rasit, don ana iya tambaya a wajen fita. A tasha ma sai da aka karɓi kuɗin shiga dandamali ban da na tikiti, da Yuro ɗaya na jaka.

Yawancin mutanen garin Albaniyawa ne Musulmi. A tsohon garin da ke kan dutse a bakin teku akwai wani fili da ake kira Dandalin Bayi. Zamanin Usmaniyya matuƙan jiragen ruwan Ulcinj sun yi fashin teku da fatauci har gaɓar Arewacin Afirka, suna kawo bayi, ciki har da baƙaƙen fata. Wasunsu sun zauna, sun sami 'yanci, sun zama matuƙa da masu sana'a, zuriyarsu ta kai har ƙarni na 20 a garin. Wanda ya san inda ayarin Sahara ke ɗauko mutanen da ake kaiwa kasuwannin Tarabulus ba sai an yi masa dogon bayani ba. Na daɗe zaune a filin. Yanzu teburan shan gahawa ne a kewaye.

Laraba, 28 ga Mayu. Belgired, Sabiya

Layin dogo daga Bar zuwa Belgired kilomita 476 ne, an buɗe shi a 1976, yana ratsa ramukan dutse 254 da gadoji 435. A wannan lokacin na shekara jirgin dare ne kaɗai ke zuwa har ƙarshe, wanda ke nufin a wuce wurin kallon cikin duhu. Sai na raba tafiyar: na hau jirgin gida da rana daga Bar zuwa Kolašin, 'yan Yuro kaɗan, na ga gefen tafkin Skadar, na ga gadar Mala Rijeka da ke rataye kusan mita 200 sama da kwari. Daga nan na jira na dare. Wannan ita ce dabara mafi kyau da na yi a tafiyar nan.

Na dare ya zo a makare, tarago tsoho, gadon kwanciya a ɗakin mutum shida. An tashe mu sau biyu don duba fasfo. Jami'in ɓangaren Sabiya ya tsaya a shafin da hatimin Kosobo yake, ya dube ni, ya buga nasa a wani shafin. Mun iso da jinkirin awa biyu, ba wanda ya yi mamaki.

Montenegiro ta cinye Yuro 165 a 'yan kwanaki. Saura 475.

Asabar, 31 ga Mayu. Belgired

Motocin cikin gari kyauta ne tun farkon bana, abin da ya rage mini zafi, don gado Dinar 1,800 ne. Masauki ya yi mini rajistar 'yan sanda ya ba ni takarda. Juma'a a masallacin Bajrakli, shi kaɗai ya rage daga masallatai masu yawa na zamanin Usmaniyya, sahu har kan titi, Bosniyawa da Larabawa da 'yan Afirka masu karatu. Abinci na koma taliya da ƙwai da kifin gwangwani.

Garin na cikin zanga-zangar ɗalibai. Tun da rumfar tashar jirgin ƙasa ta Novi Sad ta rufto ranar 1 ga Nuwamba, 2024 ta kashe mutum 16, ɗalibai suka rufe jami'o'i suna neman a hukunta masu hannu a kwangilar. Na ga an tare mahaɗar titi, jama'a sun tsaya shiru minti 16, minti ɗaya don kowane mamaci, ko hon babu. Na tsaya daga nesa, ban ɗaga waya ba. Baƙo mai irin takarduna ba shi da abin nema a tsakiyar taron siyasa.

Talata, 3 ga Yuni. Sarayebo, Bosniya

Awa takwas a bas, aka tsallaka kogin Drina. Motar Belgired ba ta shiga babbar tasha, a Sarayebo ta Gabas take saukewa, ɓangaren Sabiyawan Bosniya, sai ka taka kaɗan ka hau bas mai igiyar lantarki zuwa cikin gari. Layin wayar Skopje ya kawo ni har nan kamar yadda na yi fata, sai dai datar da ake bari a yi amfani da ita a waje ta ƙare tun a Belgired. Sabiya: 150. Saura 325. Gado Marka 25, Marka biyu kusan Yuro ɗaya.

Juma'a, 6 ga Yuni. Babbar Salla

Jiya na yi azumin Arfa, alfijir wajen ƙarfe uku, magariba kusan takwas da rabi. Hasumiyar agogo da ke gefen masallacin Gazi Husrev-beg ta taimaka: an saita ta ne ta buga 12 daidai faɗuwar rana, akwai mai kula da ita da ke hawa yana gyara ta yadda rana ke sauyawa. Kallo ɗaya ka san awa nawa ya rage a sha ruwa.

An yi Idi kafin ƙarfe shida na safe. Masallacin, ginin 1531, ya cika har harabar da lungunan kasuwa. Babu filin Idi, babu hawa, ana idarwa aka rungumi juna kowa ya nufi gida, da yawa kuma maƙabarta. Maƙabartun nan ba a ɓoye suke ba, sun hau tsaunukan gari, fararen duwatsu, kuma in ka matsa kusa shekarun rasuwa ɗaya ne: 1992, 1993, 1994, 1995. A yaƙin Bosniya an yi wa birnin ƙawanya kwana 1,425. Wani mutum da muka yi sahu ɗaya, sa'an Babana, ya tambayi inda zan ci abincin salla. Da na ce masauki, ya kama hannuna. A gidansa na ci naman layya da baklawa, ya nuna mini ramin harsashi a bangon baranda da ya ƙi shafewa. Yana ɗan shekara ashirin da wani abu ya riƙa ɗauko buhun abinci ta ramin da aka haƙa ƙarƙashin filin jirgin sama, mita 800, a sunkuye, ruwa har gwiwa. Ya faɗa ne yana zuba mini gahawa, bai tsawaita ba, ni ma ban ja ba.

An kira daga gida, Yaya ya juya mini kyamara in ga ragon. Kashe-kashen yau: Marka 25 na gado, da 8 na alewar da na kai wa jikokin mai gidan.

Lahadi, 8 ga Yuni. Sarayebo

Saura Yuro 175. Kuroshiya ta fita daga tsari, gado ɗaya a Dubrovnik yanzu ya fi kuɗin kwana biyuna. Romaniya ma sai wani jiƙon.

Abin da ya rage: gobe Srebrenica, in kwana can don motar ba ta da yawa, in ziyarci maƙabartar Potočari inda aka binne mafi yawan maza da yara sama da 8,000 da aka kashe a Yulin 1995. Na ware 45. Laraba jirgin ƙasan safe zuwa Mostar ta gefen kogin Neretva, in ga gadar 1566 da aka rusa a Nuwamban 1993 aka sake ginawa a 2004. Kwana biyu, 55. Sannan in dawo nan in hau jirgin Jamus ranar Asabar, na sayi tikitin jiya da daddare. Jakar dole ta sauka ƙasa da kilo takwas ko a caje ni, don haka tukunya da ragowar shinkafa da tawul za su zauna a kicin ɗin masauki. Takalmin dama ya buɗe baki, akwai mai gyara a bayan kasuwar maƙeran tagulla, ya ce in kawo gobe da sassafe kafin motar Srebrenica, Marka 5.